Tarihin Sana'ar Rajistar Sunayen Intanet

Sana'ar rajistar sunayen intanet, wato sunayen nan masu ƙarewa da .com ko .org ko .ng, ta samo asali ne daga wani ɗan aikin ofis a jihar Kalifoniya ta Amurka. A shekarun 1970, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe da juna a tsarin ARPANET ba su taka kara sun karya ba, sunayensu duka suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT. Cibiyar Bincike ta Stanford ce ke riƙe da shi, a ƙarƙashin wata mata, Elizabeth Feinler. Wanda ya sami sabuwar kwamfuta sai ya buga waya a lokacin aiki ko ya aika saƙo, a rubuta sunanta da lambarta, sauran jama'a kuma su riƙa kwafar fayil ɗin jefi-jefi.

Da kwamfutoci suka yawaita, fayil ɗaya ya gaza. A 1983 Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya ƙirƙiro tsarin DNS, wanda ya rarraba sunaye gida-gida, kowane gida da mai kula da kundinsa. A farkon 1985 aka buɗe .com da .org da .net da .edu da 'yan uwansu. Ranar 15 ga Maris na wannan shekara kamfanin kwamfuta na Symbolics ya yi rajistar symbolics.com, sunan farko a gidan .com. Har shekarar ta ƙare sunaye shida kacal aka rubuta a can, kuma ba a karɓi ko kwabo ba, domin gwamnatin Amurka ce ke ɗaukar nauyin aikin.

Kuɗi ya shigo ne bayan Hukumar Kimiyya ta Amurka ta damƙa rajistar ga kamfanin Network Solutions a 1993. 'Yan kasuwa suka yi ca a kan intanet, buƙatu suka fi ƙarfin kuɗin kwangila, don haka a watan Satumba na 1995 aka ba kamfanin izinin karɓar dala 100 na shekara biyun farko, sannan dala 50 duk shekara. Ba zaɓi a lokacin. Mai son suna a .com ko .net ko .org ƙofa ɗaya gare shi, ko ya shiga ko ya haƙura. Ribar da ke cikin wannan babakere ta bayyana a farashin kamfanin kansa: an saye shi a 1995 kan dala miliyan 4.7, a shekarar 2000 kuwa VeriSign ta saye shi da hannun jari na kimanin dala biliyan 21.

Ƙorafi ya yi yawa, musamman daga wajen Amurka, inda ake ganin bai dace kamfani guda na ƙasa guda ya riƙe makullin abin da duniya ke amfani da shi ba. Wannan ya kai ga kafa hukumar ICANN a 1998, shekarar da Jon Postel, wanda ya daɗe yana kula da rabon sunaye da lambobi, ya rasu. Matakin da aka ɗauka a 1999 shi ne ainihin mafarin sana'ar kamar yadda aka san ta yau. Aka raba aikin gida biyu. Mai riƙe da kundi ya tsaya shi kaɗai, domin ba zai yiwu suna ɗaya ya zama na mutum biyu ba, amma sayar wa jama'a aka buɗe shi ga kamfanonin rajista da za su yi gasa. Biyar aka fara gwaji da su: America Online, da CORE, da France Telecom, da Melbourne IT ta Ostireliya, da Register.com. Kuɗin sari da mai kundin .com ke karɓa ya tsaya a dala 6 a shekara a wancan lokacin.

Nan da nan farashi ya faɗi. Kamfanin Tucows na Kanada ya buɗe hanyar sari ga ƙananan dillalai, ta yadda mai ɗan kamfanin gina shafuka zai sayar da suna ba tare da lasisin ICANN ba. GoDaddy ta shigo da araha da talla mai ƙarfi har ta zarce kowa. Sai dai da yake kowa daga kundi ɗaya yake sari, kuma farashi ɗaya, ribar suna ita kaɗai ba ta da kauri. Daga nan aka koma neman riba ta wasu ƙofofi: a karya farashin shekarar farko a ɗaga na sabuntawa, a haɗa wa mai saye da imel da wurin ajiyar shafi da bai nema ba, ko a wahalar da shi idan ya ce zai koma wani kamfani. Wannan hali bai gushe ba har yanzu, kuma masu ƙaramin jari ne ya fi cuta.

Yawancin ƙa'idojin da ke kare mai suna sai da aka ji jiki aka kafa su. Masu riga-kafin kama sunayen manyan kamfanoni don su sayar musu da tsada su suka jawo tsarin sasanta rikici na 1999. Riƙe mutane ƙarfi da yaji ya jawo dokar sauya kamfani ta 2004. A yau mai suna yana da haƙƙin karɓar lambar sirrin da zai ƙaura da ita, in ban da kwana 60 na farko bayan rajista. An kuma ware kwana 30 na fansa ga sunan da aka goge bayan wa'adinsa ya cika. Darasi mafi ɗaci ya zo a 2007, lokacin da kamfanin RegisterFly ya durƙushe saboda rikicin masu shi. Mutane sun biya kuɗi ba a sabunta musu ba, shafukan wasu suka mutu suna ji suna gani. ICANN ta ƙwace lasisinsa, aka mayar da kimanin sunaye 850,000 hannun GoDaddy, sannan aka matsa wa kamfanonin rajista lamba su riƙa ajiye kwafin bayanan abokan cinikinsu a hannun wani amintacce na daban.

Sunayen ƙasashe tafiyarsu daban ce, domin kowace ƙasa ke tsara nata. An ware wa Najeriya .ng a 1995, amma aikin na'urorinsa ya daɗe a ƙasar waje, ana kuma jayayya kan wanda zai riƙe shi, har aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005. Ita ma tsarin raba aiki ta bi: tana riƙe da kundi, kamfanonin da ta amince da su suna sayarwa da naira.

Abin da bai sauya ba tun 1995 shi ne haya ake yi, ba mallaka ba. A gidan .com kuma ba a biya gaba fiye da shekara 10. Kamfanin rajista ma ba dawwamamme ba ne, tun da Google da kanta ta sayar wa Squarespace nata sashen a 2023. Saboda haka masu sanin harkar ba farashin shekarar farko suke dubawa ba. Suna duba lasisin kamfanin, da kuɗin sabuntawa, da sauƙin fita, da kuma sunan wanda aka rubuta a kundi. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne nauyi, domin idan maginin shafi ya yi rajista da sunan kansa, shi kamfanin zai saurara ranar da rigima ta tashi, ba wanda ya biya kuɗin ba.