Harajin sayen gida a Ingila

Harajin sayen gida, wanda ake kira Stamp Duty Land Tax ko SDLT a taƙaice, haraji ne da mai sayen gida ko fili yake biya a Ingila da Ireland ta Arewa. Hukumar tara haraji ta Birtaniya, HMRC, ita ke karɓarsa, kuma ana biya ne cikin kwana 14 bayan kammala ciniki. An fara aiki da shi ranar 1 ga Disamba 2003, inda ya maye gurbin tsohon harajin hatimi da aka kafa tun 1694. Scotland da Wales kowace tana da nata harajin daban.

Yadda ake lissafi

Tun Disamba 2014 ana lissafa harajin ne mataki-mataki, ba a kan kuɗin gidan gaba ɗaya ba. Daga 1 ga Afrilu 2025, ba a biyan komai a kan fam 125,000 na farko. Abin da ya haura nan zuwa fam 250,000 ana cire masa kashi 2 cikin 100, daga nan zuwa fam 925,000 kashi 5, zuwa fam miliyan 1.5 kashi 10, abin da ya wuce haka kuma kashi 12. Ke nan gidan fam 300,000 harajinsa fam 5,000 ne.

Ƙarin haraji kan gida na biyu

A ranar 1 ga Afrilu 2016 gwamnati ta ɗora ƙarin kashi 3 a kan duk wanda ya sayi gida alhali yana da wani. An ɗaga shi zuwa kashi 5 daga 31 ga Oktoba 2024. Wannan ƙari yana hawa kan kuɗin gidan ne dukkansa, shi ya sa yake da nauyi: gidan nan na fam 300,000 sai harajinsa ya koma fam 20,000.

Wanda ya sayar da tsohon gidansa

A nan ne mutane suka fi rikicewa. Wanda ya sayar da gidansa kuma ba shi da wani gida a ko'ina, harajin da aka saba kawai zai biya, ko da shekara goma ce tsakanin sayarwar da sabon sayen. Sai dai ba zai samu rangwamen da ake yi wa masu sayen gidan farko ba, domin wannan na wanda bai taɓa mallakar gida ba ne.

Wanda kuma yake da wani gida, misali na haya, zai iya tsira daga ƙarin idan sabon gidan madadin wanda yake zaune a ciki ne. Sharaɗin shi ne ya zama ya sayar da tsohon mazauninsa cikin shekara uku kafin sabon sayen, kuma ya zauna a cikinsa a wani lokaci na waɗannan shekaru. Idan shekara ukun suka wuce, ƙarin ya hau kansa.

Idan ya sayi sabon gida kafin tsohon ya samu mai saye, dole ya biya ƙarin tukuna. Amma in ya sayar da tsohon cikin shekara uku, yana iya neman HMRC ta mayar masa da kuɗin, galibi cikin wata 12 da sayarwar. Matsalar wannan tsari ita ce sai mutum ya nemo maƙudan kuɗi a daidai lokacin da ƙaura ta riga ta cinye masa aljihu.

Dokar tana ɗaukar miji da mata a matsayin mutum ɗaya, don haka gidan ɗayansu yana shafar ɗayan. Haka kuma ana ƙidaya gidan da ke wajen Birtaniya muddin darajarsa ta kai fam 40,000. Ɗan Najeriya mazaunin Landan da ke da irin wannan gida a Kano ko Abuja, a wurin HMRC mai gida ne.