Abdullahin Gwandu: Malamin da Ya Ce Mulki Ma Sai Ya Bi Shari'a

Wajen 1807, rundunar jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kama hanyar Alƙalawa, sai aka nemi Waziri aka rasa. Wazirin, Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wanda ya ja daga a Tafkin Kwatto a 1804, ya zare jiki da 'yan mutanensa ya nufi gabas, da niyyar zuwa Makka. Abokan gwagwarmayarsa na gaskiya da yawa sun kwanta dama a Tsuntsuwa da Alwasa. Cikin waɗanda suka rage kuwa, ya ga ido ya fara komawa kan ganima da dawakai da sarauta, abin da aka yi hijira daga Ɗegel domin a guje masa.

Kano ce ta tare shi. Jama'arta suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da mulkin da ya faɗo hannunsu, ya kuwa zauna ya wallafa Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, ya gyara musu alƙiblar masallaci. Littafin ya yi bayanin naɗa shugaba da wazirinsa da alƙalai, da iyakar da kowannensu ba zai tsallake ba. Nan ne, a ganina, girman mutumin yake. Da ransa ya ɓaci, bai tara mayaƙa ya yi bore ba. Alƙalami ya ɗauka ya ɗaure masu iko da doka. Ina ma a ce manyan alƙalanmu da 'yan majalisa da ke Abuja sun san wannan littafi kamar yadda suka san dokokin Ingila.

Ya fasa tafiyar ya koma gida. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula, Abdullahi ya zauna Boɗinga, daga baya Gwandu.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a 1817, da Shehu ya rasu aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Aka samu tsamin dangantaka tsakanin baffa da ɗa, har sai da tawayen Kalambaina ya sa Bello ya kawo masa ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan an ci garin, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Sauran shekarunsa Abdullahi ya ba da su ga karantarwa da rubutu, har ya rasu a Gwandu a 1829.