Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Bayyana Kimiyya da Hoto Mai Motsi a Duniyar Hausa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Sai dai mafi yawan abin da kimiyya ke magana a kansa ido ba ya iya ganinsa: ƙwayar cutar da ke cikin ɗigon ruwa, iskar da ƙwaro ke shaƙa a cikin buhun wake, tsutsar da ke ratsa fatar yaro yana wanka a rafi. Saboda haka kusan shekara ɗari ke nan ana neman dabarar nuna wa mai jin Hausa irin waɗannan abubuwa ta hanyar hoto mai motsi. Tarihin wannan yunƙuri ya nuna cewa nasararsa ko faɗuwarsa ta fi rataya a kan tambayoyi biyu fiye da a kan na'ura: wane ne ya zaɓi abin da za a bayyana, kuma da wa aka yi aikin?

Zamanin majigi

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na wata fitila da ake haska zane da ita a jikin bango, wadda Turawa ke kira fitilar sihiri. Daga baya kalmar ta koma nufin silimar gwamnati da ake yawo da ita a mota gari gari. Wanda ya aza harsashinta a Nijeriya shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya da ya soma amfani da fim a Legas a ƙarshen shekarun 1920 don wayar da kai game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 aka naɗa shi ya jagoranci sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a Landan, wanda ya yi aiki har 1955.

Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji bisa zaton cewa Baƙar fata wanda bai yi boko ba ba zai gane dabarun fim ba. A ganinsa dole hoto ya tafi a hankali, a guji sauya wuri da sauri, a kuma guji zane da taswira da duk abin da bai yi kama da zahiri ba. An riƙa kafa hujja da wasu labarai da ke yawo a tsakanin jami'an mulkin mallaka, kamar na 'yan kallon da aka nuna wa sauro an ƙara masa girma, suka ce ai su saurayen garinsu ba su kai haka ba. Wannan zato ya rufe ƙofa ga zane mai motsi, alhali kuwa shi ne ya fi dacewa da nuna abin da ke faruwa a cikin jini ko a cikin ƙwayar hatsi.

A farkon shekarun 1950 masanin al'adu Peter Morton-Williams ya bi motar majigi zuwa ƙauyukan Yarbawa da Hausawa da Ibo da Birom, ya kalli finafinan tare da jama'a, ya kuma saurari abin da suka fahimta. Ya gano cewa mutane na saurin gane yadda fim ke ba da labari. Inda saƙo ya kasa shiga, yawanci dalili shi ne fim ɗin ya zo da shawarar da ba ta dace da rayuwarsu ba, ko ya faɗa musu abin da suka riga suka sani. Wato aibin na wajen zaɓen maudu'i ne, kuma a Landan ko Legas ake yin zaɓen.

A Arewa, mutumin da majigi ya dogara da shi shi ne mai sharhi. Shi ke riƙe da lasifika yana fassara abin da ke kan allo da Hausa, yana sa karin magana da ba'a don jama'a su zauna. Sunansa ba ya fitowa a fim, amma ta bakinsa ilimin ke isa. Da gwamnatin Jihar Arewa ta soma shirya nata finafinan, irin su Baban Larai na shekarun 1950 wanda ya koyar da noman zamani, sai aka ga yadda jama'a ke riƙe darasi idan ya zo cikin labari da fuskokin da suka yi kama da nasu. A ɓangaren rubutu ma haka abin yake. Littafin Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta tare a Zariya a ƙarshen shekarun 1940, ya bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausa mai daɗi, domin ɗayansu ya zo da ilimin boko, ɗayan kuma ya san ta inda ake shiga kunnen Bahaushe. Sunan littafin kansa ya nuna haka.

Mai zane daga Nijar

Wanda ya rushe zaton Sellers a aikace ɗan Nijar ne, Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942. Tun yana yaro yake nuna wa tsaransa wasan inuwa da zanen da ya yi da hannunsa. Ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, daga nan ya tafi Kanada inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, a 1966 kuma Bon Voyage Sim, wanda ya yi amfani da kwaɗi wajen yi wa shugabannin sababbin ƙasashen Afirka shaguɓe. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya rasu a 2015. A daidai lokacin da yake waɗannan zane-zane, Nijar ta soma koyar da yara ta talabijin a 1964, amma da Faransanci. Ga mai zane a gida, ga shirin koyarwa a gida, ga kuma Hausa a bakin mafi yawan jama'ar ƙasar, amma harshen darasi ya kasance na Faransa.

Gwajin Maraɗi

A 2011 wasu masana biyu na Jami'ar Illinois da ke Amurka, Barry Pittendrigh masanin ƙwari da Julia Bello-Bravo, suka kafa shirin SAWBO, wanda manufarsa ita ce shirya gajerun zane-zane masu motsi na kimiyya a rarraba su kyauta. Tsarin aikin ya raba nauyi kashi uku. Masana su rubuta bayanin su tantance shi, masu zane su mayar da shi hoto, sannan masu jin harsuna daban daban su ɗora murya. Da yake zane ne, hoto ɗaya na iya ɗaukar Hausa yau, gobe ya ɗauki Zabarmanci ko Fulatanci, ba tare da an sake ɗaukar fim ba. Ana kuma tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ko da babu intanet.

Maraɗi na cikin wuraren da aka fara gwada shi, tare da Ibrahim Baoua, masanin ƙwari na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN. A 2012 shi da Bello-Bravo suka wallafa sakamakon gwajin bidiyo uku: na rigakafin kwalara, na haɗa maganin ƙwari da 'ya'yan darbejiya, da na adana wake a buhu mai ruɓi uku. Dukkansu daga damuwar manomi suka fito. Ƙwaron wake na iya huda amfanin shekara guda cikin 'yan watanni, abin da ke tilasta wa manomi ya sayar da kaka lokacin da farashi ya faɗi, ko ya zuba guba a abincin da iyalinsa za su ci. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta soma yaɗawa a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Idan aka ɗaure kowace da kyau, ƙwarin kan shaƙe ɗan iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Wannan bayani ne da kyamara ba za ta iya ɗauka ba, amma zane na iya buɗe cikin buhun ya nuna iskar tana raguwa. Manomin da ya ga haka ya san dalilin da ya sa ƙaramar huda ke ɓata aikin gaba ɗaya.

Ga ɗalibin Hausa, darasin da ke nan yana wajen ɗora murya. Itacen da Bakano ke kira darbejiya, wani dogon yaro ya san shi, wani bedi, wani maina. A lissafi abin ya fi haka haɗari. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, don haka dala ashirin na nufin 100. Bidiyon lissafin da aka ɗora wa muryar Kano ba tare da lura da wannan ba zai koyar da kuskure a Maraɗi.

Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Babu inda wannan matsala ta fi fitowa fili kamar Sudan. Bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da Fulani da Hausawa masu yawa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906. Sun tarar da mahajjatan ƙasar Hausa da suka daɗe suna yada zango a kan hanyar Makka. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai mutanen yamma suka zama ginshiƙin ƙwadagonsa, da yawansu suna zaune a matsugunan leburori da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa.

Magudanan nan sun kawo auduga, sun kuma kawo tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya warware yadda take yawo a 1915. Ƙwanta na fita ta fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, 'ya'yan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi su hayayyafa, su fito su huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. A 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da shirin lafiya na Shuɗin Nilu na shekara 10 don yaƙar tsargiya da zazzaɓi da gudawa. Akwai magani, praziquantel, amma wanda ya sha ya koma cikin ruwan nan zai sake kamuwa. Ke nan fahimtar zagayen tsutsar wani ɓangare ne na maganin, kuma kowane mataki na zagayen ɓoye yake ga ido.

Lissafi ma yana da tushe a tarihin wurin. Da fadan ake auna gona, wato murabba'in mita 4,200. A shekarun da suka gabaci 1950 ana raba ribar auduga kashi 40 cikin 100 ga masu riƙe da gonaki, kashi 40 ga gwamnati, kashi 20 ga kamfanin Turawa da ke gudanar da gandun. Leburan da ya tsinci audugar ba shi da suna a wannan rabo, daga kason mai gona ake biyansa. Darasin kashi cikin ɗari da aka gina a kan wannan misali zai koya wa jikan lebura lissafi da tarihin gidansu a lokaci guda.

Sai dai Hausar Sudan ta yi shekara fiye da ɗari tana zaman tare da Larabci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya yi littafi a kan haka a 1999, inda ya nuna yadda Larabci ya ratsa kalmominta da furucinta. Yaron Jazira da Larabci yake karatu a makaranta, da haruffan Larabci yake rubutu. Idan aka kawo masa bidiyon da ke cike da aron Ingilishi irin na Nijeriya, da rubutun boko a kan allo, zai ji Hausa ce amma rabin bayanin zai wuce shi. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wanda ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya rufe makarantu ya kuma tarwatsa iyalai, abin da ya ƙara wa darasin da ake iya ɗauka a waya muhimmanci.

Kammalawa

Abin da za a iya tsinta daga wannan tarihi a sarari yake. Maudu'in da ya karɓu shi ne wanda ya fito daga rumbu ko magudanar ruwa ko kasuwar masu kallo, kuma yake ɗauke da wani abu da ido ba ya gani. Abokan aikin da ake bukata su ne masanin da zai tabbatar da gaskiyar bayani, mai zanen da ya san kamannin gida da sutura da kayan aikin wurin, da mai muryar da ya tashi cikin karin harshen masu sauraro. Na ukun nan shi ne magajin mai sharhin majigi, kuma a nan ne ɗaliban Hausa ke da aikin yi. Kafin a zana dodon koɗi ko buhun wake, sai an tattara sunayen da mutanen Mai Wurno da na Maraɗi da na Kano ke kiran abin da su, an gwada rubutun a kunnen tsofaffi da yara, sannan a ɗauki murya daban ga kowane yanki.