Jatan lande mai yaji

Jatan lande mai yaji ɗan abin taɓawa ne da ake soya jatan lande da attarugu, albasa da tafarnuwa, a ci kafin a kawo babban abinci. Ba abincin gargajiyar Hausawa ba ne, domin ƙasar Hausa ba ta da teku. A jihar Kano an fi samunsa a otal-otal da gidajen abinci na birni.

Kayan haɗi

Jatan landen yana zuwa ne daga gaɓar tekun kudancin Najeriya, musamman Legas da Oron ta jihar Akwa Ibom. Iri biyu ake kawowa Arewa: manya daskararru cikin ƙanƙara, da ƙanana busassu waɗanda 'yan kasuwa ke kira kirefish. Sunan nan aro ne daga Turanci, inda yake nufin wata dabbar ruwa daban. Busasshen dakawa ake yi a zuba a miya. Manyan ne ake soyawa.

Kayan miyar kuwa na gida ne. Garun Mallam, Kura da Bunkure suna cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Tumatir, tattasai, attarugu da albasar yankin ana lodinsu a kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya.

Yadda ake yi

Ana ɓare ɓawon, a tsaga bayan a zare baƙin zaren hanjin, a wanke a tsane. Sai a soya albasa, tafarnuwa da jajjagen attarugu cikin man gyaɗa, a zuba jatan landen da gishiri. Minti 2 zuwa 3 kowane gefe ya isa. Da zarar ya yi ja ya lanƙwashe, ya nuna. In aka bar shi ya wuce haka, yakan yi tauri kamar roba. A ƙarshe a matsa lemun tsami.

Lafiya da hukunci

Jatan lande yana saurin lalacewa. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wanda ya narke aka sake daskarar da shi kan jawo amai da gudawa, kuma yaji yana iya ɓoye warin da zai tona asirinsa. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa sam: ƙaiƙayi, kumburin fuska, har sarƙewar numfashi da ke buƙatar asibiti nan take.

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, cin dabbobin ruwa halal ne. Malaman Hanafiyya sun yi saɓani kan ko jatan lande yana cikin jinsin kifi.