Yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shiga harkar sufuri a kogin Rhine

Kogin Rhine, wanda ya taso daga Switzerland ya ratsa Jamus kana ya faɗa teku a ƙasar Holland, shi ne kan gaba a Turai wajen jigilar kaya. A gaɓarsa ne birnin Duisburg yake, mai tashar jiragen ruwa ta cikin ƙasa mafi girma a nahiyar. Jirgi guda mai tsawon mita 110 kan ɗauki kaya kimanin tan 3,000, wato lodin manyan motoci sama da 100.

A da dai matuƙan jiragen sun dogara ne ga rediyo da takardu. A shekarar 2005 Ƙungiyar Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta wa ƙasashenta samar da tsarin bai ɗaya na musayar bayanai a manyan kogunansu, wanda ake kira RIS. Daga shekarar 2010 hukumar kula da zirga-zirga a kogin, mai mazauni a Strasbourg, ta tilasta wa jiragen da ke ɗauke da kwantena da yawa su riƙa aika bayanan kayansu ta kwamfuta. A watan Disamban 2014 kuma aka wajabta sanya na'urar AIS, wadda ke nuna sunan jirgi da inda yake da kuma gudunsa. Ta haka ne ma'aikatan tasha ke sanin lokacin isowar jirgi, su tanadar masa wurin sauke kaya, maimakon ya yi ta jiran layi.

To sai dai na'ura ba ta ƙara wa kogi ruwa. A lokacin farin shekarar 2018 ma'aunin ruwa na garin Kaub, inda kogin ke da ƙarancin zurfi, ya sauka zuwa santimita 25. Ala tilas jirage suka rage lodi, farashin jigila ya tashi, kamfanin BASF da ke Ludwigshafen ya yi asarar kimanin Euro miliyan 250. Bayan haka ne hukumomin Jamus suka ƙara himma wajen inganta hasashen yawan ruwa, domin 'yan kasuwa su san lodin da za su yi tun da sauran lokaci.

A shekarar 2024 kamfanin Seafar na Beljiyam ya buɗe wata cibiya a Duisburg, inda matuƙi ke sarrafa jirgi daga ofis ta hanyar kyamarori, matakin da ke da nasaba da ƙarancin matasan da ke sha'awar wannan sana'a.