Ronaldo Na Brazil: Labarin Gwiwa Biyu Da Kofin Duniya

Yau a kan Ronaldo za mu yi magana, amma kafin wani ya fara tura mana hoton CR7, a dakata. Na farkon muke nufi, na Brazil, mai wushirya, wanda yayyenmu ke kira De Lima. Da yawanku ba ku riski wasansa ba sai dai guntayen bidiyo a YouTube, kuma hoton da kuka fi sani nasa shi ne na wani mutum mai ƙiba a zaune cikin manyan baƙi. To bari mu koma baya kaɗan.

An haifi Ronaldo Luis Nazario de Lima a watan Satumbar 1976, ya tashi a Bento Ribeiro, wata unguwar talakawa a gefen birnin Rio de Janeiro. Da ƙwallon cikin ɗaki ya fara, wadda suke kira futsal, inda fili ƙarami ne, ba wurin gudu, dole ƙafa ta koyi dabara. Ku riƙe wannan, zai dawo mana a gaba. Ƙungiyar da yake so tun yana yaro ita ce Flamengo, amma Allah bai yi zai taɓa buga mata wasa ba. Ta Sao Cristovao ya bi, daga nan Cruzeiro ta ɗauke shi a 1993 yana ɗan shekara 16. A wasa ɗaya da Bahia ya zura ƙwallo biyar. Shekara na zagayowa aka tafi da shi Gasar Cin Kofin Duniya ta 1994 a Amurka. Brazil ta ɗauki kofin, shi kuwa ko minti ɗaya bai buga ba, yana benci yana kallon Romario da Bebeto.

Romarion ne ya ba shi shawara ya fara da PSV ta ƙasar Holan. Ya je, ya ci ƙwallo 30 a gasar lig a kakarsa ta farko. A nan kuma gwiwarsa ta fara ba da sanarwa, har aka yi masa aiki yana ɗan shekara 19. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi a lokacin.

Mu a nan Najeriya akwai inda muka haɗu da shi. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, Brazil ta doke mu da ci ɗaya da nema a rukuni, kuma shi ne ya ci ƙwallon. Aka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, suna gaba da ci 3 da 1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a mintin ƙarshe, ya kuma ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Ronaldo da tagulla ya koma gida. Duk dattijon da ya kalli wasan nan, ku tambaye shi, amma ku tabbata kuna da lokaci.

Sai Barcelona. Kaka ɗaya tak ya yi a can ƙarƙashin Bobby Robson, ya ci ƙwallo 47 a wasa 49. Idan bidiyo ɗaya kawai za ku nema bayan kun gama karanta wannan, ku nemi ƙwallon da ya ci Compostela a Oktoban 1996. Daga tsakiyar fili ya ɗauko ta, ana jan rigarsa, ana harbin ƙafarsa, bai faɗi ba, yana yankan mutane har ya kai ta raga. Kyamara ta nuno Robson ya ɗora hannu a kai. Abin da ya bambanta shi ke nan: kafin shi, lamba tara yawanci a bakin raga yake jira a kawo masa. Shi kuwa komawa yake ya ɗauko da kansa, da gudun ɗan tsere, da ƙirar ɗan dambe, ƙwallo kuma kamar an ɗaure ta a ƙafarsa. FIFA ta ba shi gwarzon duniya yana ɗan shekara 20.

Maganar sabon kwantiragi ta watse tsakaninsa da Barcelona, Inter Milan ta biya kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da su ba, ta ɗauke shi a 1997. A shekarar ya karɓi Ballon d'Or yana da 21, kuma har yau ba a samu wanda ya karɓa yana ƙasa da shekarunsa ba. Italiya a lokacin ita ce gidan 'yan baya, su Maldini, su Nesta, su Cannavaro, amma ya ci 25 a lig. Can ne sunan Fenomeno ya bi shi. Ya ɗauki kofin UEFA na 1998 bayan sun lallasa Lazio 3 da nema a Paris, tare da Taribo West namu, wanda, kamar yadda za ku yi tsammani, jan kati ya samu a wasan.

Yanzu mun zo ranar 12 ga Yulin 1998. Wasan ƙarshe na Kofin Duniya, Brazil da Faransa. Ronaldo ya ci huɗu a gasar, duniya kaf shi take jira. Bayan cin abincin rana a masauki, ya kwanta, sai jikinsa ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya. Roberto Carlos, wanda suke ɗaki ɗaya, shi ya fita neman taimako. Aka kai shi asibiti, koci Zagallo ya rubuta sunan Edmundo a madadinsa, takardar ta isa hannun 'yan jarida. Kafin a take wasa sai ga Ronaldo ya dawo, ya ce gwaji bai nuna komai ba, shi zai buga. Aka canza takarda. Ya shiga fili amma kamar ba shi ba, ya yi mummunan karo da gola Barthez, Zidane ya ci biyu da ka, aka tashi 3 da nema. Rigimar ta kai har majalisar dokokin Brazil ta kira shi ya yi bayani, saboda zargin da ake ta yi cewa kamfanin Nike ne ya matsa a saka shi, abin da shi ya musanta. Ni dai a ganina, ko ma mene ne ya faru, yaro ɗan shekara 21 da aka kwaso daga asibiti da yamma bai kamata a bar masa wannan hukuncin shi kaɗai ba.

Wannan ma somin-taɓi ne. A Nuwamban 1999, a wasa da Lecce, jijiyar gwiwarsa ta dama ta samu rauni, aka yi masa tiyata a Paris. Ya yi wata biyar yana jinya. Ranar 12 ga Afrilun 2000 ya dawo, a wasan ƙarshe na kofin Italiya da Lazio. Mintuna shida zuwa bakwai da shigarsa, ya tunkari 'yan baya, ya fara wannan rawar ƙafa tasa a kan ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, sai ya zube yana ihu. Jijiyar da ke riƙe ƙoƙon gwiwa ce ta tsinke gaba ɗaya. 'Yan wasan Lazio kansu hannu suka ɗora a kai. Ku tuna irin wasansa: gudu da ƙarfi, birki nan take, juyawa. Duk nauyin a kan wannan jijiya yake sauka. Kakar 2000 zuwa 2001 gaba ɗayanta ko wasa ɗaya bai buga ba, kuma mutane da yawa sun riga sun yi masa bankwana.

Ya lallaɓa ya dawo a kaka ta gaba, yau ya buga, gobe tsoka ta riƙe. Ranar 5 ga Mayun 2002 Inter na buƙatar nasara ta ɗauki lig, Lazio ta doke ta 4 da 2. Lazio dai, Lazio dai. Aka nuno shi a benci yana kuka. A wannan halin Scolari ya saka sunansa cikin masu zuwa Koriya ta Kudu da Japan, caca ce ƙarara.

Ya ci a kowane wasa in ban da na Ingila. Kafin wasan kusa da na ƙarshe da Turkiyya yana fama da ciwo a cinya, sai ya yi wannan askin da ya bar ɗan gashi a goshi. Daga baya ya ce da gangan ya yi, don a bar maganar rauninsa a koma maganar kansa, kuma dabarar ta ci, sai dai ta jawo wa yara da yawa faɗa a gida. Ƙwallon da ya ci Turkiyya da tsinin takalmi ya tsokane ta, irin ta futsal ɗin da na ce ku riƙe. Ranar 30 ga Yuni a Yokohama, Oliver Kahn, wanda sau ɗaya kacal aka ci shi a duk gasar, ya yi aman ƙwallon da Rivaldo ya buga, Ronaldo ya ƙarasa. Bayan minti goma sha biyu ya ƙara. Ƙwallo takwas, kofi na biyar ga Brazil, Ballon d'Or na biyu gare shi.

Magoya bayan Inter kuwa sun daɗe suna jin ciwon abin da ya biyo baya. Sun yi jinyarsa kusan shekara uku, yana warkewa ya koma Real Madrid, yana cewa ba zai iya zama da koci Hector Cuper ba. A Madrid ba Ronaldon Compostela ba ne, gudun ya ragu, jiki ya ƙaru, amma ido da ƙafa suna nan. Ya ɗauki La Liga a 2003, ya ci uku a Old Trafford har magoya bayan Manchester United suka miƙe suna tafa masa da zai fita. A 2006 ya yanke golan Ghana, Richard Kingson, ya ci ƙwallonsa ta 15 a Kofin Duniya, ya wuce Gerd Muller.

Kofin Zakarun Turai ne dai bai taɓa ɗagawa ba. Ya koma AC Milan a Janairun 2007, suka ɗauki kofin a shekarar, amma doka ta hana shi bugawa don ya riga ya buga wa Madrid a gasar. A 2008 gwiwar hagu ma ta tsinke, irin ciwon waccan sak. Ya yi jinya a Flamengo, kowa na zaton can zai sa hannu, sai aka ji shi a Corinthians, inda ya ɗauki kofi biyu a 2009. A Fabrairun 2011 ya yi ritaya yana hawaye, ya kuma bayyana cewa yana da cutar da ke rage aikin wani ƙullutu na maƙogwaro, wadda ke sa ƙiba. Shekaru ana yi masa dariyar teɓa. Brazil ya buga mata wasa 98, ya ci 62.

Tarihin ƙwallo 15 ɗin nan shekara takwas ya yi. Miroslav Klose na Jamus ne ya karya shi a 2014, a ragar Brazil, ranar 7 da 1, a filin Mineirao na Belo Horizonte, filin Cruzeiro, inda yaron ya fara.

A nan za mu dakata.