Meroe

Meroe tsohon birni ne da ke gabashin kogin Nilu a ƙasar Sudan ta yau, kusa da garin Shendi, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum. Shi ne babban birnin daular Kush a zangonta na ƙarshe, daga wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) zuwa wajen shekara ta 350 Miladiyya. Birnin ya shahara da dalolin sarakunansa, da sana'ar ƙarfe, da kuma rubutun da mutanensa suka ƙirƙiro wa harshensu.

Tarihi

Kafin Meroe, cibiyar mulkin Kush tana Napata ne, a gindin dutsen Jabal Barkal. Daga can ne Sarki Piye ya ci ƙasar Masar a ƙarni na 8 kafin Miladiyya, zuriyarsa kuma suka mulke ta a matsayin gidan sarauta na 25 na Fir'aunoni. Sojojin Assuriya ne suka kore su a ƙarni na 7. Daga nan mulki ya riƙa komawa kudu, har aka fara binne sarakuna a Meroe.

Mata sun riƙe sarauta a wannan daula, ana kiran su Kandake. Ɗaya daga cikinsu, Amanirenas, ta yaƙi Rumawa bayan sun mamaye Masar. An ƙulla sulhu da Sarki Agustus a tsibirin Samos wajen shekara ta 21 kafin Miladiyya. A 1910 masu tono kayan tarihi sun gano kan mutum-mutumin Agustus na tagulla binne ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta a Meroe, inda duk mai shiga zai taka shi. Yanzu yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Tattalin arziki da addini

Mutanen Meroe sun noma dawa, sun yi kiwon shanu, sun kuma haƙa manyan tafkuna da ake kira hafir domin tara ruwan damina. Suna narkar da tama, har yau ana ganin tulin ragowarta a gefen birnin. Fatake suna kai zinariya da hauren giwa da gashin jimina zuwa Masar da ƙasashen Bahar Rum. Sun bauta wa Amun kamar Misirawa, amma suna da nasu abin bauta mai kan zaki, Apedemak, wanda aka gina wa ɗakuna a Naqa da Musawwarat.

Rubutu da harshe

Da farko sarakunan Kush da harshen Masar suke rubutu. Wajen ƙarni na 2 kafin Miladiyya aka fara rubuta harshen Meroe da nasa haruffa guda 23. Rubutun iri biyu ne: na zanen hoto a jikin gine-ginen sarauta da na bauta, da kuma na hannu domin harkokin yau da kullum. Ana raba kalmomi da ɗigo biyu ko uku.

Tsakanin 1909 da 1911 masanin nan ɗan Birtaniya, Francis Griffith, ya gano sautin haruffan. Saboda haka ana iya furta abin da aka rubuta, amma ma'anar mafi yawan kalmomin ba ta fito ba. Abin da aka fi fahimta shi ne sunayen mutane da wurare, da muƙamai, da addu'o'in kan kaburbura. Babban cikas shi ne rashin dogon rubutu mai harsuna biyu da za a kwatanta. Masanin harshe Claude Rilly yana ganin harshen dangin Nilo-Sahara ne, ɗan'uwan harshen Nubiya. Wannan ya sa yawancin labarin Meroe daga bakin Girkawa da Rumawa da Misirawa ake jin sa, alhali mutanenta sun rubuta nasu.

Rushewa

Daular ta yi rauni a ƙarni na 4 Miladiyya. Wani rubutun dutse na Sarki Ezana na Aksum ya ambaci yaƙin da ya kai yankin a wannan lokaci. A 1834 wani Ba'italiye, Giuseppe Ferlini, ya farfasa daloli da dama yana neman dukiya, ya kwashe kayan zinariyar Sarauniya Amanishakheto, waɗanda yanzu suke Munich da Berlin. Akwai daloli kusan 200 a maƙabartun Meroe. A 2011 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.